Yadda muka shirya wa 'yan aji 5 darasin bincike a kan marinar Ƙofar Mata

A makarantar firamare irin tamu, ƙararrawa ce ke yanka ranar yaro. Minti 35 na lissafi, sai Turanci, sai kimiyya, sai Hausa, kowane da littafin rubutunsa, kowane da jarrabawarsa. Gyaran manhaja da hukumar NERDC, mai tsara manhajar makarantu a Najeriya, ta yi a 2012 ya rage yawan darussa ta hanyar haɗa wasu a inuwa ɗaya: kimiyya da fasaha da motsa jiki da ilimin kwamfuta suka zama darasi guda, addini da zamantakewa da sanin haƙƙin ɗan ƙasa su ma haka. Amma mu malamai a cikin aji mun ci gaba da koyar da su a rarrabe, don haka aka koyar da mu. Shi ya sa za ka ga yarinyar da ta ci lissafin riba da faɗuwa a takarda, in ka tambaye ta ko mahaifiyarta na cin riba a sana'ar ƙuli-ƙuli, sai ta tsaya tana kallonka. Ba ta taɓa tunanin abin da ke cikin littafi ya shafi tukunyar gidansu ba.

Mu huɗu muka zauna a kan wannan matsala a hutun ƙarshen zango na ɗaya: ni mai riƙe da aji 5, malamin kimiyya, malamar zane da sana'o'in hannu, da malamin addinin Musulunci. Malamar zane ta taɓa aiki a wata makarantar kuɗi, ita ta ba mu labarin wani tsarin karatu na ƙasa da ƙasa da ake kira IB, mai hedikwata a Jeniba, wanda ya fito da shirin firamare a 1997. A can ana raba shekara zuwa bincike-bincike a ƙarƙashin manyan jigogi 6, irin su yadda duniya ke aiki, da inda muke a wuri da zamani. Ba mu da kuɗinsu, ba mu da ɗakin karatunsu, kuma ajinmu ya haura yara 60. Abu biyu kawai muka ara: a rubuta babbar magana ɗaya da ake so yaro ya gane, sannan a fitar da tambayoyi kaɗan da za su kai shi can da ƙafarsa.

Zaɓen abin da za a bincika ya fi komai cin lokaci. An kawo ruwa, an kawo kasuwa, an kawo gyaɗa. Malamin kimiyya ne ya ce marina. Ya ce yawancin yaran nan ana wucewa da su ta Ƙofar Mata, a nan Kano, a adaidaita sahu, wasu an kai su asibitin Murtala da ke kusa da wurin, amma da wuya a sami wanda ya taɓa leƙa cikin karofi. Muka yarda, don wuri ne da za a iya zuwa a dawo kafin tashi, kuma akwai mutanen da ke aikin da hannunsu waɗanda za a iya yi wa tambaya.

Takardar farko da muka cika ba ta yi ba. Mun zana da'ira a tsakiya muka rubuta "rini", muka ja layi zuwa kowane darasi. Lissafi: marini yana da ƙyalle 12 ya rina 5, saura nawa? Turanci: a rubuta jimla biyar da kalmar shuɗi. Faransanci: sunayen launuka. Motsa jiki: a yi tsalle a tsallake da'irar da aka zana kamar bakin rami. Takardar ta cika ta yi kyau, sai malamar zane ta dube ta ta ce, "Malama, anko kawai muka yi wa darussan nan. Duk sun sa kaya iri ɗaya, amma ba wanda ke magana da wani." Gaskiyarta. Cire 5 daga 12 bai bukaci marini ba, da lemo ma za a yi shi. Daga nan muka kafa wa kanmu doka: darasi ba zai shiga binciken ba sai in akwai tambayar da yaro ba zai iya amsawa ba in babu shi. Da wannan doka Faransanci ya fita, motsa jiki ya fita, lissafin ɓangarori ma ya fita, aka bar su a lokutansu na kullum. Har yanzu ina ganin wannan ragewa ita ce aiki mafi amfani da muka yi a duk shirin.

Babbar maganar da muka tsayar ita ce: sana'a tana rayuwa ne da kayan da ƙasa ke bayarwa, da ilimin masu yinta, da kasuwar da ke saye, in ɗaya ya canza sauran ma sai sun canza. Ba mu rubuta wa yara ita a allo ba. Tambayoyi uku muka ajiye musu: yaya ganye ke zama launin da ba ya fita? Ina kayan da aka rina a Kano suke zuwa, da da yanzu? Me ya sa wasu ramukan ke aiki wasu kuma an bar su?

Sai batun hedimasta. Shi damuwarsa ɗaya ce, kuma tana kan hanya: masu duba makarantu in sun zo, tsarin darussa na mako-mako suke buɗewa, su duba ko abin da ke littafin shirin malami ya yi daidai da shi. Don haka muka ɗauki tsarin zango na biyu muka bi shi layi-layi. Da'ira da aune-aune suna ciki, riba da faɗuwa suna ciki, tattara bayanai a jadawali, iska da amfaninta, canje-canjen da ke samun abubuwa, rubutun wasiƙa, sana'o'in gargajiya. Kusan duk abin da muke bukata yana nan, a warwatse yake a makonni daban-daban. Muka rubuta takarda mai gida biyu, hagu aikin da yara za su yi, dama wurin da yake a manhaja. Na kai masa na ce, "Ranka ya daɗe, ba sabon darasi muka kawo ba, jere muka sake." Ya karanta, ya amince a matso da wasu batutuwa gaba, kuma a haɗa mana darasi biyu a jere ranar Talata da Alhamis don a sami minti 70. Sharaɗinsa shi ne kowane malami ya ci gaba da rubuta shirinsa na darasi yadda aka saba, kuma makin gwaji ya fito a kan kari. Aikin ya ninka mana, amma in babu wannan takarda da ba a bar mu mun fara ba.

Kafin mu kai yara, ni da malamin kimiyya muka je da kanmu. Wannan ba abin tsallakewa ba ne. Bakin ramukan daidai yake da ƙasa, wasu a rufe da murfin kaba mai tsini, wasu a buɗe, kuma suna da zurfin da ya fi tsayin mutum nesa. Yaro mai gudu zai iya faɗawa. Muka gaisa da dattawan wurin, muka faɗi abin da ke tafe da mu, muka daidaita a kan rana da abin goro. Wani dattijo da hannayensa suka rine har gwiwar hannu ya ce zai zauna da yaran, amma a kawo su rukuni-rukuni, kada a cika masa wuri. Muka raba ajin uku, kowane rukuni da malami da uwa ko uba ɗaya. Ƙungiyar iyaye da malamai ta biya kuɗin mota, muka aika wasiƙar neman izini gida-gida.

Makon farko a aji ba mu koyar da komai a kan rini ba. Na kawo tsohon zane rinanne na baba da sabuwar atamfa, na zagaya da su, na ce kowa ya rubuta abin da ya sani da abin da yake so ya sani. Aka liƙa tambayoyin a bango. Da yawa sun yi kama da juna, sai muka tace su tare, muka ware waɗanda ido zai amsa, da waɗanda sai an tambayi marini, da waɗanda sai an gwada. Wannan tacewa ita ce darasin Hausa na makon: yadda ake gaida babba, yadda ake tambayar da ba "e" ko "a'a" ce amsarta ba, yadda ɗaya ke tambaya ɗaya ke rubutawa.

Ranar zuwa, dattijon ya zauna a bakin raminsa ya bayyana musu haɗin: busasshen ganyen baba, toka, kanwa, da ruwa, a bar su su ruɓa har ramin ya nuna, ana motsawa da doguwar sanda. Ya nuna musu kumfar da ke sama, shuɗiya mai ƙyalli kamar jan ƙarfe ya shiga cikinta, ya ce da ita da wari ake gane rami ya kai. Sannan ya tsoma farin ƙyalle, ya riƙa juya shi a ƙarƙashin ruwan, ya ɗago ya matse. Ƙyallen ya fito kore-kore mai ratsin ruwan ɗorawa. Ya ware shi ya karkaɗa, kuma a gaban idonsu launin ya fara juyawa daga gefe-gefe yana shiga tsakiya har ya koma shuɗi. Yaran suka yi ca. Wata yarinya ta ce, "Baba, me ka ƙara masa?" Ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Ba komai, jikata. Sha iska ya yi." Wani yaro daga baya ya ce a'a, rana ce ta gasa shi.

Wannan gardama ita ta riƙe mana kimiyya har mako biyu, kuma ba ta cikin takardarmu. Malamin kimiyya bai raba ta ba. Ya sayi ruwan rami cikin bokiti mai murfi muka koma da shi, ya ce wa yaran su faɗi yadda za a gane mai gaskiya. Su suka kawo shawarar a shanya ɗaya a rana ɗaya a inuwa. Aka yi, duka biyun suka koma shuɗi. Masu cewa rana suka ce ai inuwa ma akwai haske. Aka kai wani cikin sito aka rufe ƙofa, shi ma ya fito shuɗi. Sai tambaya ta koma yadda za a hana ƙyalle shan iska. Wani ya ce a cusa shi a leda da sauri a matse a ƙulle. Da aka yi haka, ƙyallen ya daɗe yana kore a ciki, aka kwance kuwa nan take ya fara juyawa. Sai a lokacin malamin ya yi bayani: launin baba ba ya narkewa a ruwa yadda yake, ƙwayoyin halitta da ke ruɓar da haɗin su ke cinye iskar da ke cikin ramin, toka da kanwa kuma su ba ruwan kaifi, a wannan hali ne launin ke narkewa ya shiga cikin zare. In ya fito ya haɗu da iskar da muke shaƙa, sai ya koma yadda yake tun farko, ya maƙale a cikin zaren. Da ya fara da wannan bayani a allo, da sun haddace sun manta. Sun kuma koyi abin da ya fi bayanin: in za ka gwada abu, abu ɗaya ake canzawa, sauran a bar su yadda suke.

Lissafi ya shigo ta ƙofa uku. A marina kowane rukuni ya zagaya bakin busassun ramuka da igiya, ya kuma auna faɗinsu. A aji suka auna igiyoyin da tef, suka raba tsawon kewaye da faɗi. Kowane rukuni ya sami 3 da ɗan ɗoriya, ko ramin babba ne ko ƙarami. Suka gwada da bakin bokiti da murfin tukunya da faranti, haka dai. Bayan sun gaji da mamaki na ba su 22 bisa 7. Na biyu, sun ƙirga ramukan da ke aiki da waɗanda aka bari a ɓangaren da aka ba su, da 'yan sanduna biyar-biyar, suka mayar da shi zanen ginshiƙai. Na uku, kuɗi: farashin yadin farin ƙyalle, ladan ɗauri, ladan rini, ladan bugu a mabuga inda ake dukan kaya da manyan guduma na itace har su yi sheƙi, sannan farashin sayarwa. Da suka jera wannan kusa da farashin atamfar kanti, sai tambayar nan ta ramukan da aka bari ta fara amsa kanta. A nan malamin addini ya shigo da Suratul Muɗaffifin, a kan masu tauye mudu da awo, yara suka yi muhawara ko mai rini da galura da ya ce wa mai saye baba ce ya shiga cikinsu. Bai ƙara komai a kan wannan ba, sauran darussansa ya ci gaba da su yadda suke a tsari.

Tarihi ne ya fi ba ni aikin karatu. Muka ja igiya daga bango zuwa bango muka rataya shekaru da tazara daidai gwargwado, santimita ɗaya shekara ɗaya. Sarautar Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499, wanda a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi. Shekarar 1498 da marinan Ƙofar Mata ke cewa an kafa wurinsu. Zuwan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, Kano a 1851, inda ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, da Tumbutu ta yamma. Shekarar 1897 da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na masana'anta. Cin Kano da Turawa suka yi a 1903, da isowar layin dogo a 1911. Yara suka ga da idonsu yadda igiyar ta yi tsawo ba komai, sannan abubuwa suka cunkushe a ƙarshe. Na tambaye su ta yaya muka san 1498, ta yaya kuma muka san 1851. Suka gano ɗaya daga bakin kakanni ta zo, ɗaya daga wanda ya gani ya rubuta, kuma kowace akwai abin da take iya gaya mana da abin da ba ta iyawa. A taswirar Afirka suka bi hanyar ayari da zare, ta Zinder da Agadas har gaɓar teku. Wani yaro ɗan asalin Kura ya je gida ya dawo da labarin turkuɗi da rawani ɗan Kura da Buzaye ke saye, kakansa ma ya aiko mana da ɗan yanki muka taɓa, shunin ya kama yatsunmu.

Ɓangaren zane bai bukaci tsari mai yawa ba. Dattijon ya gaya musu yawancin ɗaurin da ke fitar da ado mata ke yinsa a gida. Uwar wata ɗaliba da ke wannan sana'a ta zo da zare da allura ta nuna musu, kowa ya ɗaure ɗan ƙyallensa, aka kai aka rina. Da aka kwance, malamar zane ta sa su ninke su nemo layin da ɓangarori biyu ke haɗuwa daidai. Turanci kuwa wasiƙar godiya ce ga marinan da gajeren rahoton gwajin iska, ba mu ɗora masa fiye da haka ba.

Akwai abubuwan da suka ba mu wahala. A ƙananan rukunonin aiki na cikin aji, masu yara 8, biyu ko uku ne ke magana in ba a raba aiki ba, don haka muka ba kowa nasa: mai tambaya, mai rubutu, mai awo, mai zane, mai ba da rahoto, ana juyawa kowane mako. Yaran da karatunsu bai nuna ba, kuma suna da yawa a aji 5, mun bar su su zana abin da suka gani su yi bayani da baki, ni ko wani ɗalibi ya rubuta musu a ƙasa. Ruwan bokitinmu ma ya mutu bayan 'yan kwanaki saboda yawan buɗewa da motsawa, sai da aka sake sayo wani, ko da yake wannan ma ya zama tambaya, kuma yaran da kansu suka ce iska ce ta shige shi.

Wajen ba da maki, kowane yaro yana da littafin bincike guda ɗaya. Muka yarda kowane malami ya duba nasa ɓangaren a ciki: ni lissafi da Hausa, malamin kimiyya rahoton gwaji, haka dai. Muka ƙara tambaya ɗaya da kowa zai amsa shi kaɗai a shafi guda: in kai ne mai rami a Ƙofar Mata, me za ka yi don sana'arka ta ɗore, kuma mene ne hujjarka? A nan ake gane wanda ya haɗa abubuwan. Wata ta rubuta cewa za ta riƙa rina ƙananan kaya kamar gyale da hula, don ta lissafa ta ga sun fi saurin fita kuma ba su cin ruwan rami da yawa. Wani ya ce zai nemi manoma su riƙa shuka baba kusa don kuɗin kawowa ya ragu. Wasu sun maimaita abin da dattijon ya faɗa ne kawai, waɗannan mun san sai mun ƙara zama da su.

A makon ƙarshe muka jera kayan a baranda, 'yan aji 4 da iyaye suka zo, kowane rukuni ya tsaya a kan nasa yana bayani. Mun aika wa marinan takardar gayyata, dattijon ya zo da ɗansa, ya tsaya a teburin gwajin leda ya sa aka maimaita masa daga farko.

A bangon tambayoyi an bar guda da ba mu taɓa ba. Yaran da ke zaune kusa da masu rinin zamani sun tambaya ina ruwan galura da soda da ake zubarwa a kwata yake tafiya, kuma ko yana shiga rijiya. Mun sa ta a gaba don zango na uku. Malamin kimiyya ya riga ya ware inda tsabtar ruwa da gurɓatar muhalli suke a manhaja, ni kuma ina duba yadda awon lita da karanta taswirar unguwa za su shiga. Abin da ya rage shi ne mu je mu gaida mai unguwa, mu nemi izinin bin kwatar da yara daga bakin marina zuwa inda ta ƙare.